Kafin A Aske Bayan Ɓera: Wace Hanya Ta Dace A Auna Gubar Sinadari Ta Fata?

A bazarar da ta wuce, wani dattijo da ke haɗa ruwan wanke maiƙo a wani ƙaramin wuri can unguwar masana'antu ta Yamai ya zo mini da takardu biyu a cikin leda, tare da ƴan kwalabe biyu na abin da yake haɗawa. Masu gareji da masu wankin mota ne suka daɗe suna saye a wurinsa, sai ga wani babban kamfani ya ce zai riƙa ɗaukar kaya da yawa, amma da sharaɗin a kawo masa takardar bayanin haɗarin sinadari, wadda ake kira FDS a taƙaice, kuma kada sashe na 11 na takardar, inda ake bayanin guba, ya zo babu komai a ciki. Dattijon ya rubuta wa ɗakunan gwaje-gwaje biyu na ƙasashen waje. Ɗaya ya amsa masa cewa zai shafa wa ɓeraye ruwan, ɗayan kuma ya ce shi ba ya taɓa dabba, da fatar da aka ƙera daga ƙwayoyin halittar fatar mutum yake aiki. Ya shimfiɗa takardun a gabana ya ce, "Malam, wanne ne na gaskiya a cikinsu? Ni dai ba na so in biya kuɗi sau biyu." Na ce masa, "Alhaji, dukansu na gaskiya ne, sai dai ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, kuma mai yiwuwa akwai hanya ta uku da ta fi su dacewa da kai."

Abin da ya rikita Alhaji shi ne abin da ke rikita mutane da yawa, domin idan aka ce sinadari yana cutarwa ta fata, ana iya nufin abubuwa uku dabam-dabam. Na farko shi ne ya ratsa fata ya shiga jini, ya je ya taɓa hanta ko ƙoda ko jijiyoyi ko zuciya, har ya kai ga kisa, ko da kuwa wurin da ya zuba bai nuna wata alama ba. Na biyu shi ne ya ƙone fatar kanta ko ya sa ta ja da kumburi a daidai inda ya taɓa. Na uku kuma shi ne ya sa jiki ya ƙi shi bayan an yi ta hulɗa da shi, ta yadda ko kaɗan ya taɓa mutum sai ƙaiƙayi da ƙuraje su taso. Wannan na ukun yana da nasa gwaje-gwajen, kuma ba zan shiga cikinsa a nan ba. Gwajin ɓera da aka yi wa Alhaji tayi na tambaya ta farko ne, gwajin fatar ƙira kuwa na ta biyu ne. Wanda ya sayi ɗaya yana zaton ya maye masa gurbin ɗayan ya yi asarar kuɗinsa, kuma takardarsa za ta dawo masa.

Bari in fara da hanyar dabba, domin ita ce tsohuwa, kuma sauran duk da ita ake gwada su. Ma'aunin da ake kira DL50, wato adadin gubar da ke kashe rabin dabbobin da aka ba su ita, wani masanin haɗa magunguna na Ingila, J. W. Trevan, ya fito da shi a 1927. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wadda aka fi sani da OCDE, ta tsara ƙa'idar auna guba ta fata mai lamba 402 a 1981, ta gyara ta a 1987, sannan ta sake mata tsari gaba ɗaya a 2017. Wannan bambanci na shekaru yana da muhimmanci ga mai biyan kuɗi, domin har yanzu akan ga takardun tayi da ke ambaton tsohon tsari. A tsarin 1987 ana iya amfani da ɓera ko zomo ko ɓeran Masar, ana sa aƙalla dabbobi 5 a kowane mataki na yawan sinadari, matakan kuma aƙalla 3 ne, kuma mutuwa ita ce abin da ake ƙirgawa. Ko gwajin iyaka, wanda ake yi a mataki ɗaya tak na miligram 2000 ga kowane kilo na nauyin jiki, yana cin dabbobi 10, wato 5 maza 5 mata.

Tsarin 2017 ya bi wata hanya. Ɓeraye mata matasa ake zaɓa, masu lafiyayyar fata, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba kuma ba su da ciki, a bar su aƙalla kwana 5 su saba da ɗakin, wanda zafinsa ke kusa da digiri 22. Ana gobe za a yi gwajin sai a aske gashin bayan dabbar a hankali don kada a ji wa fatar rauni, domin fatar da ta kurje tana shan sinadari fiye da ƙima kuma za ta ɓata sakamakon. Wurin da ake shafawa ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na faɗin jikin. Idan sinadarin gari ne sai a jiƙa shi, galibi da ruwa, don ya manne wa fata, a rufe da ƙyallen bandeji mai shan iska, a ɗaure yadda dabbar ba za ta lasa ba, a bar shi awa 24, sannan a cire a wanke ragowar. Matakan guda huɗu ne tsayayyu, miligram 50, 200, 1000 da 2000 ga kowane kilo. Idan babu wani bayani game da sinadarin, daga 200 ake farawa da dabba ɗaya tak, a jira aƙalla awa 48 a ga halin da take ciki kafin a hau sama ko a sauko ƙasa da wata dabbar. In an gano matakin da ya dace, sai a ƙara dabbobi biyu don tabbatarwa. Ke nan sinadarin da ba shi da ƙarfin guba ana iya yanke hukunci a kansa da dabbobi kaɗan ƙwarai, a inda da can za a kashe goma ko fiye. Don mai karatu ya ga girman abin, ɓera mai nauyin gram 250 a mataki mafi girma rabin gram kawai ake shafa masa.

Bayan shafawa ana sa ido sosai a sa'o'in farko, sannan kullum har kwana 14. Ana duba fata da gashi da idanu da numfashi, ana lura da karkarwa, da jijjiga, da dalalar miyau, da gudawa, da kasala ko suma, ana auna nauyi kowane mako, a ƙarshe kuma a buɗe cikin kowace dabba a duba gaɓoɓinta. Dabbar da ta shiga tsananin wahala ko ta kama hanyar mutuwa ba a barinta ta ƙarasa da kanta, ana ɗauke ranta cikin hanzari, a lissafa ta cikin waɗanda gubar ta kashe. Sakamakon da ke fitowa ba lamba ɗaya ba ce kamar ta da, rukuni ne a cikin tsarin rarraba sinadarai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato SGH. Rukuni na 1 shi ne abin da gubarsa ke kisa a miligram 50 ga kowane kilo ko ƙasa da haka, na 2 daga nan zuwa 200, na 3 zuwa 1000, na 4 zuwa 2000. Rukuni na 1 da na 2 suna ɗauke da gargaɗi mai lamba H310, wato yana kisa idan ya taɓa fata, na 3 yana da H311, na 4 kuma H312. Ukun farko hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa ake buga musu a jikin mazubi, na huɗun kuwa alamar motsin rai.

Ƙarfin wannan hanya shi ne tana nuna abin da ke faruwa a cikin jiki mai rai gaba ɗayansa, daga ratsa fata, zuwa yadda hanta ke sarrafa sinadarin, zuwa gaɓar da ya fi illatawa. Har yau OCDE ba ta amince da wani gwajin cikin kwalba, wato wanda ba a taɓa dabba a cikinsa, da zai tsaya shi kaɗai a madadinta ba game da gubar da ke shiga jini ta fata, kuma duk wanda ya ce maka yana da irinsa, ka nemi ya nuna maka lambar ƙa'idar. Amma rauninta ma ba ƙarami ba ne. Fatar ɓera da ta zomo sun fi ta mutum saurin barin sinadari ya wuce, abin da kan sa sakamakon ya karkata wajen tsanantawa. Akwai kuma inda jikin dabba da na mutum suke shan bamban ƙwarai. Sinadarin butoksi-etanol, wanda ke cikin ruwan wanke maiƙo da yawa kuma yake ratsa fata cikin sauƙi, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin ɓera fiye da yadda yake yi wa na mutum nesa ba kusa ba. Sannan gwajin na shafawa sau ɗaya ne a ɗaki mai sanyi, ba ya cewa komai game da yaron da ke tsoma hannunsa cikin ruwan nan sau ashirin a wuni, a watan Afrilu, zafin Yamai ya haura digiri 40, zufa na zuba, tafin hannun kuma duk ya tsattsage. Zafi da jiƙewar fata da rauni duk suna ƙara yawan abin da jiki ke sha.

Akwai kuma hakkin dabbar kanta, wanda ba na ɗaukarsa ƙaramin al'amari. Na taɓa ganin ɓera a ranar da aka kwance masa ɗaurin bayan awa 24, ya takure a lungun keji, gashinsa ya tashi, idanunsa a lumshe, ko abincin da ke gabansa bai kalla ba. Tun 1959 masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka kafa ƙa'idoji uku da yanzu dokokin ƙasashe da yawa suka ɗauka, wato a maye gurbin dabba idan da hali, a rage yawanta idan babu makawa, a kuma sauƙaƙa mata wahala. Mu kuwa tun kafin haka mun taso da sanin cewa azabtar da dabba ba tare da wata lalura ba abu ne da za a tambayi mutum a kansa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce ko akwai lalurar.

Yanzu ga hanya ta biyu, wadda ɗayan ɗakin gwajin ya yi wa Alhaji tayi. A da, ƙuna da jan fata a bayan zomo ake auna su, bisa tsarin da John Draize na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya wallafa a 1944, wanda ya zama tushen ƙa'ida mai lamba 404: rabin mililita ko rabin gram a kan ɗan fili mai faɗin kusan santimita 6 murabba'i, har awa 4, sannan a riƙa ba ja da kumburin maki. A yau ana ɗaukar ƙwayoyin halittar fatar mutum a tsirar da su a cikin ƴan ƙananan kofuna har su yi hawa-hawa kamar saman fatar gaske, kuma ana sayar da su da sunaye irin su EpiDerm da EpiSkin da SkinEthic. Ana ɗiga sinadarin a kai na ƙayyadadden lokaci, a wanke, sannan a sa wani rini da rayayyun ƙwayoyin halitta kaɗai ke iya juya shi ya koma shuɗi mai duhu, a auna duhun da na'ura. Ƙa'ida ta 431, wadda aka amince da ita a 2004, ita ke gano abin da ke ƙone fata ƙurmus. Ta 439, ta shekarar 2010, ita ke gano mai sa ja da kumburi, kuma hukuncinta a bayyane yake: idan abin da ya rayu bai wuce rabi ba, sinadarin mai illa ne ga fata.

A kan wannan tambaya ta biyu ba na jinkirin cewa fatar ƙira ta fi zomo. Ƙwayoyin halittar na mutum ne, na'ura ce ke ba da lamba maimakon idon ma'aikaci da ke kimanta ko ja ya yi yawa ko bai yi ba, aikin yana ƙarewa cikin ƴan kwanaki, kuma ita kanta ƙa'ida ta 404 ta ce kada a kai ga zomo sai an bi sauran hanyoyi sun kasa. Tana da nata cikas, domin sinadari mai launi sosai, ko wanda shi da kansa yake juya rinin, yana iya rikita karatun sai an yi ƙarin matakan kariya, kuma ita fatar rayayya ce mai gajeren kwana da ke bukatar sanyi a hanya, shi ya sa aika samfur waje ya fi sauƙi a kan shigo da ita nan. Babban abin lura shi ne fatar da ke cikin kofi ba ta da jini, ba ta da hanta, ba ta da zuciya, don haka ba za ta taɓa gaya maka ko sinadari zai kashe mutum ta fata ba. Akwai dai wani gwajin na daban, mai lamba 428, inda ake shimfiɗa yankin fata tsakanin ɗakuna biyu na gilashi a auna yawan abin da ya ratsa zuwa ruwan da ke ƙasa. Shi ma ba ya auna guba, amma yana ba da hujja mai ƙarfi idan an haɗa shi da wasu bayanai, domin abin da bai ratsa ba da wuya ya yi ɓarna a ciki.

Hanya ta uku ita ce wadda babu ɗakin gwajin da zai yi maka tallarta, tun da ba ta kawo masa ciniki sosai, ita ce kuma na fi so mai ƙaramar masana'anta ya fara da ita. Yawancin abin da ake haɗawa a nan daga sanannun sinadarai ne da aka riga aka gwada shekaru da yawa da suka wuce, kuma bayanansu suna cikin takardun FDS na waɗanda suka sayar da su, da kuma rumbun bayanai na hukumar sinadarai ta Tarayyar Turai, ECHA, wanda kowa ke iya shiga ta intanet kyauta. Tsarin SGH ya yarda a lissafa gubar gauraye daga gubar abubuwan da ke cikinsa. Ana raba kason kowane sinadari da lambar gubarsa, wato DL50 ɗinsa, a tara sakamakon, sannan a raba 100 da jimillar. Idan rukunin sinadarin kawai aka sani, akwai lambar da aka ƙayyade wa kowane rukuni, ta rukuni na 3 ita ce 300, ta na 4 kuma 1100. A ce gaurayenka yana da kashi 10 na wani sinadari ɗan rukuni na 3, sauran kuma ruwa ne da abubuwan da ba su da guba. Lissafin zai ba da 3000, wanda ya wuce iyakar rukuni na 4. Ka ninka kason ya zama 20, sai lambar ta sauko 1500, gaurayen ya faɗa rukuni na 4, dole a buga masa H312. Wannan lissafi na rabin awa ne ga wanda ya iya, kuma yana da wata fa'ida da gwajin dabba ba shi da ita: idan ka sauya haɗinka gobe, sai ka sake lissafi, alhali sakamakon ɓera na haɗin da aka gwada ne kawai.

Wani reshe na wannan hanya shi ne dogaro da sakamakon gwajin baki, wato wanda ake ba dabba sinadarin ta baki. Da aka koma aka duba tarin tsofaffin gwaje-gwaje, an ga cewa da wuya sinadari ya fi tsanani ta fata a kan ta baki, domin fata shinge ce, hanji kuwa an halicce shi ne don ya tsotse abu. Bisa wannan ne OCDE ta fitar da takardar jagora mai lamba 237 a 2016 kan yanayin da za a iya yafe gwajin. A wannan shekarar Tarayyar Turai ta gyara dokarta kan sinadarai mai suna REACH, wadda dama sai abin da ake samarwa ko shigarwa ya kai tan 10 a shekara take neman gwajin guba ta wata hanyar shiga jiki bayan ta baki, ta ce ba a bukatar gwajin fata idan sinadarin bai shiga rukunin guba ta baki ba kuma ba a ga wata illa ta cikin jiki ba a sauran gwaje-gwajen da aka shafa shi a fata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma ta ba da damar yafe shi ga haɗaɗɗun magungunan ƙwari a 2016, ta faɗaɗa zuwa ainihin sinadaransu a 2020. A taƙaice, idan sinadari ya wuce miligram 2000 ga kowane kilo ta baki bai yi kisa ba, shafa shi a bayan ɓera da wuya ya ƙara maka wani sani.

Sai dai wannan hanya tana da ramukan da ya kamata a sani, kuma a nan ne nake so mai karatu ya dakata. Lissafi ba ya fin bayanan da aka zuba masa inganci. Ganga nawa ke shigowa ta kan iyaka babu takarda, ko da takardar da aka kwafo daga wani kaya dabam? Idan abin da ba a san gubarsa ba ya wuce kashi 10 na gaurayen, tsarin SGH ya ce a gyara lissafin a cire wannan kason daga cikin 100, idan kuwa ya yi yawa sosai to lambar da za ta fito ba abin dogaro ba ce. Lissafin kuma yana ɗauka cewa kowane sinadari yana aikinsa shi kaɗai, alhali wasu masu narkarwa suna buɗe wa wasu hanya ta cikin fata. Akwai kuma sinadaran da suka saɓa wa waccan ƙa'ida ta baki da fata. Wanda ya taɓa zuwa majemar Gamkale a bakin kogi ya san warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi idan ana cire gashin fata da sinadarin zamani maimakon toka. Sodiyom salfaid ke nan, kuma a rarrabawar Tarayyar Turai yana rukuni na 4 ta baki amma na 3 ta fata, ga shi kuma yana ƙuna. Asid haidrofulorik, wanda ke cikin wasu ruwan wanke alminiyom da cire tsatsa, ya fi shi muni: idan an sirka shi yana iya taɓa hannu a yi sa'o'i ba a ji zafi ba, alhali yana ratsawa yana kame sinadarin kalsiyom na jini har bugun zuciya ya rikice. Fenol yana kashe jin zafin wurin da ya zuba yayin da yake shiga, anilin kuma yana hana jini ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Magungunan ƙwari dangin oganofosfet su ma ta fata suke kama manomi mai feshi. Idan haɗinka ya ƙunshi irin waɗannan, ko danginsu na kusa, kada ka ɗauki sauƙin sakamakon baki a matsayin kariya.

Abin mamaki ga wasu shi ne yawancin waɗannan masu tsananin ba a kai su bayan ɓera ko kaɗan. Ƙa'ida ta 402 ta hana gwada abin da aka san yana ƙone fata, domin wahala ce tsagwaronta ba tare da wani sabon sani ba. Abin da tsaminsa ya kai 2 ko ƙasa a ma'aunin tsami da kaifi na pH, ko kaifin kanwarsa ya kai 11.5 ko sama, ana ɗaukarsa mai ƙuna tun kafin a taɓa kowace fata, sai dai idan wani awo ya nuna ƙarfin nasa bai taka kara ya karya ba, a nan ma da gwajin cikin kwalba ake tabbatarwa. To ina gwajin ɓera ya rage? Ya rage ga sabon sinadari ko gaurayen da ba a san yawancin abin da ke cikinsa ba, wanda ba ya ƙuna, wanda ake da dalilin zaton yana ratsa fata, wanda hannun ma'aikata zai riƙa taɓawa, kuma bayanan baki ko babu su ko sun nuna guba. Ya kuma rage inda hukuma ta ce lallai sai shi. A ƙasashenmu na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel masu yaƙi da fari, misali, maganin ƙwari ba ya samun izinin sayarwa sai ya bi ta kwamitin Sahel na magungunan ƙwari, CSP, mai sakatariya a Bamako, kuma wanda zai kai takardunsa can ya kamata ya karanta abin da kwamitin ke nema tun kafin ya yanke wa kansa cewa an yafe masa wani gwaji. Haka ma idan mai saye ne ya nema, a tambaye shi a rubuce ko rarrabawa ta lissafi ta ishe shi, domin sau da yawa abin da yake so shi ne rukuni da gargaɗi a sashe na 2 da na 11 na takardar FDS, ba rahoton dabba ba.

Idan lalurar ta tabbata, abubuwa biyu ne ba a sassauci a kansu. Takardar yarjejeniya ta ambaci tsarin 2017 ƙarara, ɗakin gwajin kuma ya kasance yana ƙarƙashin sa idon tsarin kyakkyawan aikin ɗakin gwaji, wato BPL. Tun 1981 ƙasashen OCDE suka amince cewa gwajin da aka yi bisa ƙa'idojinta da kuma BPL a wata ƙasa, sauran za su karɓa, kuma Afirka ta Kudu da Indiya suna cikin ƙasashen da ba mambobi ba amma suka shiga wannan tsari. Gwajin da aka yi a wurin da ba shi da wannan shaida yana iya zama da kyau a ilimance, amma idan an ƙi karɓarsa sai a sake, wato kuɗi sau biyu da dabbobi sau biyu, abin da Alhaji ke gudu tun farko. A kuma roƙi ɗakin gwajin ya rubuta halin da wurin shafawar ke ciki a awa 24 da 48 da 72 bayan cire ɗaurin, kamar yadda ƙa'idar ta tanada, domin wannan bayanin yakan sa a huta da wani gwajin.

Kwalaben Alhaji kuwa ba su kai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta farko mai santsi ce a yatsa, soda ce ginshiƙinta, kuma da na tsoma takardar awo sai ta rine zuwa launin pH 13. Na nuna masa na ce, "Alhaji, wannan ba a shafa wa ɓera shi, kuma ba sai an aika shi ko'ina ba kafin a san yana ƙuna." Aka rubuta masa H314, wato gargaɗin ƙone fata, da hoton ruwan da ke cin hannu, gubar cikin jiki kuma aka fitar da ita ta lissafi. Ta biyun ba ta da kaifi, masu narkarwa ne da sabulu, kuma daga cikin abubuwa biyar da ke cikinta huɗu suna da takardu ingantattu. Na biyar ɗin wani ruwa ne da yake saye a bido babu suna, kashi 15 na haɗin. A kansa ne muka daɗe muna magana, domin shi kaɗai ne zai iya tilasta gwajin dabba, kuma ko an yi gwajin, babu tabbacin bidon wata mai zuwa zai zo da abin da ke cikin na wannan watan. Ya yi shiru yana juya kwalbar a hannunsa, sannan ya ce zai canza shi da wani mai suna da takarda ko da ya fi tsada. Da sabon haɗin lissafin gubar fata ya wuce 2000, sai ya aika samfurinsa don gwaji mai lamba 439 kawai, saboda bayanan ja da kumburi na ɗaya daga cikin sabulan ba su wadatar ba, takardar tayin ɓerayen kuma ya mayar da ita cikin ledarsa ba tare da ya sa mata hannu ba.